TUKUNYA BIYU, ALJIHU ƊAYA: TSADAR KAYA DA ƊAN AREWA MAZAUNIN KUDU

Wannan shi ne cikakken jawabin da aka karanta a gaban wani taron 'yan Arewa mazauna biranen Kudu. An buga shi a wannan shafi domin amfanin waɗanda ba su sami halarta ba.

  

Abin da ya tara jama'a yau sananne ne a gidan kowa, watau tsadar kayan masarufi. Mutanen ƙasar nan duka suna kuka da ita, daga Badagiri har Baga. To, amma ɗan Arewa da ke neman abinci a Ikko, ko Badun, ko Fatakwal, ko Anacha, nasa kukan ya ɗan bambanta da na maƙwabcinsa ɗan gari. Dalili kuwa shi ne tukunya biyu yake ɗorawa da aljihu ɗaya. Akwai tukunyar da ke tafasa a ɗakin hayarsa na Agege ko Idi-Araba ko Sabo, akwai kuma wadda ke jiransa a Argungu, ko Daura, ko Gumel, inda tsohuwa da matar aure da ƙanne suka zuba wa wayarsa ido a ƙarshen kowane wata. Duk ranar da farashi ya tashi, sau biyu yake tashi a kansa.

MENE NE HAUHAWAR FARASHI?

Masana tattalin arziki suna da dogon bayani a kan wannan kalma, amma matar da ke cefane ta riga su saninta. Hauhawar farashi ita ce a wayi gari kuɗin da ya cika kwando bara, bana sai rabin kwando. Takardar Naira tana nan da kamanninta, lambar da ke jikinta ba ta canja ba, ƙarfinta ne ya zube.

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ita ce ke auna wannan abu wata-wata. Tana bin farashin abinci, da haya, da sufuri, da magani, da sutura, ta gwada da yadda suke a irin wannan wata na shekarar da ta wuce. A watan Mayu na 2023 ma'aunin nata ya nuna kashi 22 da 'yan kai daga cikin 100. Kafin watan Disamba na 2024 ya kai kusan kashi 35. Na abinci shi kaɗai kuwa ya haura kashi 40 a tsakiyar 2024. A farkon 2025 hukumar ta sake tsarin awon nata, ta mai da 2024 shekarar da ake gwaji da ita a maimakon 2009, sai lissafin ya koma kashi 24 da rabi a watan Janairu. Daga nan ya yi ta sauka, har ya koma kashi 18 a watan Satumba na 2025.

A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Mutum ya ji a rediyo an ce hauhawar farashi ta sauka, ya tafi kasuwa, ya tarar kaya na nan da tsadarsu, sai ya ce ƙarya ake yi masa. Ga yadda abin yake. A ɗauka kayan cefane na N1,000 ne. Shekara ta zagayo da hauhawar kashi 35, sun zama N1,350. Wata shekara ta zagayo da kashi 18, sun zama kusan N1,600. Hauhawa ta ragu, gaskiya ne, amma kaya sun ƙara kuɗi. Motar ta rage gudu ne kawai, ba ta juya baya ba. Saboda haka mai ƙididdiga bai yi ƙarya ba, mai cefane ma ba ta yi ƙarya ba, sai dai ita ce ke riƙe da tukunya.

CUTAR TA DAƊE

Dattawan da ke wurin nan sun ga irin wannan rana ba sau ɗaya ba. Naira ta fito ranar 1 ga Janairu, 1973, ana ba da Naira biyu a madadin fam guda. Ba a jima ba sai ga ƙarin albashin Udoji a zamanin Janar Yakubu Gowon. A farkon 1975 aka biya ma'aikata ƙarin, har da ariyas na watannin baya. Kuɗi suka cika gari, kaya ba su ƙaru ba, 'yan kasuwa suka ɗaga farashi, a shekarar nan hauhawa ta wuce kashi 30. Wanda ba ya cin albashin gwamnati, kamar ɗan dako da mai gadi da manomi, bai ga Udoji ba, amma ya biya kuɗin Udoji a kasuwa. Gwamnatocin lokacin sun kafa hukumar ƙayyade farashi, sai kaya suka ɓace daga kan teburi suka koma bayan kanti.

A 1982, da kuɗin man fetur ya faɗi a kasuwar duniya, gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kawo dokar tsuke bakin aljihu. A 1984 jama'a suka sha layin madara da sabulu da sukari a ƙarƙashin mulkin soja. A 1986 Janar Ibrahim Babangida ya kawo shirin gyaran tattalin arziki da ake kira SAP, aka karya darajar Naira, har abin ya jawo tarzoma a 1989. A 1995, zamanin Janar Sani Abacha, hauhawa ta haura kashi 70. Soja sun yi nasu, farar hula sun yi nasu, kuma kowane karo talaka ne ke ɗaukar kayan.

Lissafi guda ya isa ya nuna nisan faɗuwar. A 1981 mafi ƙarancin albashi N125 ne, a lokacin kuwa Naira ta fi Dalar Amurka daraja, watau kuɗin nan sun kai kimanin Dala 200. A watan Yuli na 2024 aka sa hannu a kan dokar N70,000. Ranar da aka sa hannun, kuɗin nan ba su kai Dala 50 ba.

ABIN DA YA HURA WUTAR WANNAN KARON

Ruwa ba ya tsami banza. Abubuwa huɗu ne manya suka haɗu.

Na farko, mai. Ranar 29 ga Mayu, 2023, a jawabinsa na kama mulki, Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare. Litar da ake saye ƙasa da N200 ta koma wajen N500 cikin 'yan kwanaki, kafin watan Oktoba na 2024 kuma ta kai wajen N1,000. Shi kuwa man dizal, wanda tirela ke sha, ya riga ya yi gaba tun kafin nan: daga kimanin N300 a farkon 2022 ya haura N1,000 a ƙarshen 2023. Tsakanin Kano da Ikko akwai tafiyar kimanin kilomita 1,000. Kowane kwandon tumatir da ya taso daga Kadawa, da kowane buhun albasa na Aliero, da kowane sa na kasuwar Potiskum, a kan man nan yake tafiya.

Na biyu, Naira. A watan Yuni na 2023 Babban Bankin Nijeriya ya sakar wa kasuwa ragamar canji. Dalar da gwamnati ke bayarwa a wajen N460 ta haura N1,500 a farkon 2024. Ƙasar da ke shigo da kusan dukan alkamar da take ci, da yawancin magungunanta, da kayan gyaran motocinta, ba yadda za a yi ta tsira daga wannan. Shi ya sa burodin mai shayi ya ƙanƙance, taliya ta yi tsada, maganin hawan jini ya gagari tsofaffi. Daɗin daɗawa, gwamnatin da ta gabata ta ci bashin Babban Banki har Naira tiriliyan 22 da 'yan kai, wanda majalisa ta amince a mai da shi bashin dogon zango a watan Mayu na 2023. Irin wannan bashi tamkar buga sababbin kuɗi ne a zuba a kasuwar da kayanta ba su ƙaru ba. Darasin Udoji ke nan aka maimaita.

Na uku, gona. 'Yan bindiga sun kori manoma daga gonakinsu a sassan Zamfara, da Katsina, da Sakkwato, da Neja, da Kaduna. A wasu wuraren sai an biya su kafin a yi shuka, a sake biya kafin a yi girbi. Ambaliyar 2022 ta cinye gonaki a jihohi da yawa, a watan Satumba na 2024 kuma madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ta malale Maiduguri. Rufe iyakar Nijar daga watan Agusta na 2023 zuwa farkon 2024 ya tsai da dabbobi da wake da albasa a Illela da Jibiya da Maigatari. Yaƙin Rasha da Yukren tun 2022 ya ɗaga kuɗin alkama da takin zamani a duniya baki ɗaya.

Na huɗu, hanya. Duk direban da ya taɓa ɗauko kaya daga Dawanau zuwa kasuwar Mil 12 ko Bodija ya san yawan shingayen da zai tsaya, da yawan rasit da za a yanka masa, da yawan abin da zai miƙa ba tare da rasit ba. In hanya ta lalace ya kwana biyu a layi, rabin tumatirin ya ruɓe, ragowar rabin shi zai biya kuɗin duka.

YADDA TA SHIGA ƊAKI

A ƙarshen 2024 buhun shinkafa mai kilo 50 ya haura N80,000 a kasuwanni da yawa, watau albashin wata na ƙaramin ma'aikaci bai sayi buhu guda ba. Tukunyar iskar gas mai kilo 12 da rabi ta tashi daga wajen N9,500 a tsakiyar 2023 zuwa sama da N16,000 a ƙarshen 2024, mata suka koma gawayi, gawayin ma ya bi sahu. A watan Afrilu na 2024 aka ninka kuɗin lantarki fiye da sau uku ga unguwannin da aka sa a rukunin farko. A watan Janairu na 2025 aka yarda wa kamfanonin waya su ƙara kashi 50, ga shi kuwa wayar nan ita ce igiyar da ta ɗaure baƙo da gida.

Sa'an nan ita dokar N70,000 ɗin, sai a tambaya, wa ta shafa? Dokar ba ta hau kan wanda ke da ma'aikata ƙasa da 25 ba. Jihar Ikko da Jihar Ribas sun sanar da N85,000 ga ma'aikatansu. Amma mai gadin gidan mutum ɗaya, da mai ruwa, da mai gyaran takalmi, da mai yankan farce, da mai tura baro, ba su cikin wannan lissafi. Ɗan acaɓa kuwa, tun da Jihar Ikko ta hana sana'ar a ƙananan hukumomi shida a watan Yuni na 2022, ta ƙara huɗu a watan Satumba, wurin nemansa ya ƙuntata a daidai lokacin da mai ke shirin ninkawa.

A ɗauki misalin mai gadi da ke karɓar N40,000 a wata. A da yakan ci rabi, ya aika rabi. Yanzu derikar shinkafa da ta wake, da kuɗin mota, da sabulu, da katin waya, sun lashe fiye da rabin. Hanya uku ta rage masa. Ko ya rage abin da yake aikawa, a ce a gida Kudu ta canja shi. Ko ya rage cikinsa, ya koma garin kwaki da ƙuli sau ɗaya a yini, har ciwo ya kwantar da shi. Ko ya ci bashi. Yawancin mutanen nan hanya ta biyu suke bi, ba kuwa sa faɗa wa kowa. Wanda ke zuwa gida kowace Salla ya koma zuwa sau ɗaya a shekara, wani ma shekara biyu bai ga 'ya'yansa ba, saboda kuɗin mota zuwa da dawowa ya kai abincin iyalinsa na wata.

Mai iyali a nan Kudu nasa nauyin dabam ne. Mai gida ya ƙara haya, dillali ya ƙara nasa. A cire yaro daga makarantar kuɗi, wani lokaci a cire shi daga karatun ɗungum, a ɗora wa yarinya talla. Nama ya fita daga miya, ko a gidan mahauci. Rigimar kuɗin cefane ta shiga tsakanin miji da mata, malamai da masu unguwa su ne shaida a kan yawan auren da suke ɗinkewa saboda wannan.

LAIFIN DA AKE ƊORA WA BAƘO

Akwai wani haɗari da ya fi yunwa saurin kama wuta. A biranen Kudu, hannun da ke miƙa tumatir da albasa da tattasai da nama, yawanci hannun ɗan Arewa ne. Mai saye ba ya ganin ministan kuɗi, ba ya ganin gwamnan Babban Banki, ba ya ganin mai shinge a Jebba. Malam yake gani. In farashi ya ninka, a fuskar Malam yake ganin laifin.

Ba a manta da abin da ya faru a kasuwar Shasha ta Badun a watan Fabrairu na 2021 ba, inda ƙaramar saɓani ta zama tarzoma, aka rasa rayuka, aka ƙone rumfuna da gidaje. Bayan haka ƙungiyar dillalan abinci da dabbobi ta tsai da kai kaya Kudu na 'yan kwanaki. Me aka gani? Tumatir ya gagari mai saye a Ikko, ya ruɓe a hannun manomi a Kano. Kowane ɓangare ya yi asara. Wannan ya isa ya nuna cewa mai noma da mai ci a igiya ɗaya suke, kuma duk wanda ya zo yana cewa wata ƙabila ce ta kawo tsada, to, so yake a manta da waɗanda suka kawo ta.

Amma fa gaskiya ɗaya ce. A cikin 'yan kasuwa akwai masu ɓoye kaya su jira tsada, akwai masu tauye mudu, akwai masu bubbuga gindin gwangwani domin ya rage ci. Addini ya hana, kuma mugunta ce da ke jawo wa dubban bayin Allah baƙin jini. A 2025 ma, da farashin masara da shinkafa ya faɗi, masu ɓoyon da yawa sun tafka asara. Sai dai abin tausayi shi ne manomi na gaskiya ya faɗi tare da su, don taki da maganin feshi ba su sauka ba. In manomi ya yi fushi ya rage shuka, tsadar da aka kora ta ƙofa za ta dawo ta taga.

ABIN DA YA WAJABA A KAN MASU MULKI

Gwamnati ta ɗauki wasu matakai. Ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan abinci a watan Yuli na 2023. Ta ɗage harajin shigo da masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba na kwana 150 a 2024. Babban Banki ya ɗaga kuɗin ruwa har kashi 27 da rabi domin ya janye kuɗi daga kasuwa. Waɗannan sun taimaka wajen rage gudun motar. Amma kuɗin ruwa ba ya korar ɗan bindiga daga gona, shinkafar waje kuma ba ta raya manomin Kebbi.

Tilas ne a tsare gonaki, domin nan ne tushen arha. Tilas ne a tattara harajin hanya wuri guda, a kawar da shingayen da ba su da tushe a doka. Tilas ne a mai da kayan abinci da dabbobi kan jirgin ƙasa. Layin dogo ya haɗa Ikko da Kano fiye da shekara 100 da suka wuce, kuma kakannin mutanen da ke zaune a nan a cikinsa suka kawo shanu suka koma da goro. Ya kamata kuma a duba halin ma'aikatan gida da masu gadi da dokar albashi ta tsallake. Wajibi ne wakilan jam'iyya a majalisun jihohi da na tarayya su riƙe waɗannan batutuwa, rassanta na unguwa kuma su riƙa tambayarsu inda aka kwana.

ABIN DA YA RAGE GA JAMA'A

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gidaje goma da suka haɗa kuɗi suka sayi buhu suka raba, sun fi wanda ke sayen derika-derika samun sauƙi, kuma 'yan Arewa sun fi kowa damar yin haka, tun da 'yan'uwansu ne ke sauke kayan. Adashi abu ne mai kyau, amma a rubuta, a sa shaidu, kuma kada a ja shi ya daɗe, don wanda ya kwasa a ƙarshe kuɗin da suka rage ƙarfi yake kwasa.

Mai aika kuɗi gida ya yi ƙoƙari ya aika da kauri lokacin kaka, a sayi gero da dawa da masara na shekara a zuba a rumbu. Tanadin abincin iyali dabam, ɓoyon ɗan kasuwa dabam. Wanda ya ajiye takardar Naira a ƙarƙashin katifa, kullum tana raguwa yana barci. Wanda ya mai da ita tunkiya ko hatsi ya fi shi dabara. A guji bashin waya mai ruwa, wanda ke cin mutum ya kuma ci mutuncinsa. A faɗa wa na gida gaskiyar halin da ake ciki, domin wanda bai taɓa biyan haya a Ikko ba yana zaton kuɗi a titi ake tsintarsu.

Mai haya ya san haƙƙinsa. Dokar haya ta Jihar Ikko ta 2011 ta hana karɓar kuɗin fiye da shekara guda daga sabon ɗan haya a yawancin unguwannin jihar. A karɓi rasit a kan kowane kwabo. Shugabannin kasuwa kuwa su zauna da takwarorinsu 'yan gari, su baje musu lissafin kwando guda tun daga gona har rumfa, domin wanda ya ga lissafi ba ya saurin ɗaukar sanda. Kome tsanani kada a fara da cire yaro daga makaranta.

Daga ƙarshe, katin zaɓe. Dubban 'yan Arewa sun shekara ashirin a Kudu, amma rajistarsu tana ƙauye, ranar zaɓe ba su nan ba su can. Hukumar zaɓe tana ba da damar mai da rajista zuwa inda mutum yake zaune a duk lokacin da ta buɗe rajista. Kansila da shugaban ƙaramar hukuma su ne ke yanka harajin rumfa da na baro, kuma ba sa jin kukan wanda ba ya jefa ƙuri'a a akwatinsu. Duk ɗan takarar da ya zo Sabo neman goyon baya, daga kowace jam'iyya ya fito, a tambaye shi nawa ake sayar da mudun gari a ranar, a kuma tambaye shi abin da zai yi a kan shingayen hanya. In ya kasa amsawa, jama'a sun san abin da ya dace da shi.

Allah ya ba da damina mai albarka, ya kawo sauƙi a kasuwa, ya zaunar da ƙasar nan lafiya, ya mai da kowane baƙo ga iyalinsa da abin hannunsa.